Daga Falgore Zuwa Ƙasar Ƙanƙara: Jarumin Da Finafinanmu Suka Manta Da Shi

Mai karatu, kafin mu shiga sharhin wannan wata bari mu yi wani ɗan lissafi tare. Ka tuno finafinan Hausa goma na ƙarshe da ka kalla, ke ma ki tuno littattafai goma na ƙarshe da kika karanta, sai ku faɗa mini sana'ar jaruman da ke ciki. Na san amsar tun kafin ku buɗe baki. Ko dai ɗan Alhaji ne da ya dawo daga Landan da digirin da ba a taɓa faɗa mana ko na mene ne ba, ko likita, ko barista, ko kuma dai "yana zuwa ofis". A ofis ɗin nan kuwa ba abin da yake yi sai juya kujera da buga wa budurwa waya. Daga Turmin Danya na 1990 zuwa finafinai masu dogon zango da ake yayi yanzu, a kawo mini guda ɗaya tak wanda jaruminsa ke nazarin iska da hadari da ruwan sama, a ƙasar da cin abincin kowa ya rataya a kan damina.

Abin da ya tayar mini da maganar shi ne finafinai biyu na waje da suka fito a shekara ɗaya, wato 2004, dukkansu kuma jarumansu masana yanayi ne. Na farko shi ne The Day After Tomorrow na Amurka, wanda Roland Emmerich ya ba da umarni. Na biyu shi ne Swades na Indiya, na darakta Ashutosh Gowariker, wanda Shah Rukh Khan ya ja. Sun tsufa, haka ne, amma da tsohuwar zuma ake magani. Zan auna su, sannan mu dawo gida, mu tsaya a dajin Falgore, domin a ganina labarin da suka gaza ƙarasawa yana can yana jiran mai kyamara.

MUTUMIN DA KE HAƘA ƘANƘARA

The Day After Tomorrow ya buɗe ne a Antatika, nahiyar ƙanƙara da ke can ƙuryar kudancin duniya. Jack Hall, wanda Dennis Quaid ya fito a matsayinsa, yana haƙa ƙanƙara da abokan aikinsa biyu sai dandamalin da suke kai ya tsage. Maimakon ya gudu da ransa, sai ya tsallake ramin ya koma ɗauko wasu dogayen sandunan ƙanƙara da suka haƙo. Wanda bai san dawan garin ba zai ce mutumin nan mahaukaci ne. To amma wannan fitowar ita ce mafi gaskiya a duk fim ɗin, don haka bari in ɗan tsaya a kanta.

A Antatika dusar ƙanƙara ba ta narkewa. Ta bana tana sauka a kan ta bara, ta bara a kan ta bara waccan, suna danne juna har su zama dutsen ƙanƙara mai kaurin kilomitoci. Tsakanin ƙwayoyin dusar akwai iska, idan aka danne ta sai ta maƙale ta zama ƙananan kumfa. Ka ga ke nan duk wanda ya haƙa ƙasa ya zaro sanda, ya zaro ainihin iskar da aka shaƙa a duniya dubban shekaru da suka wuce. A tashar Vostok ta Rasha an haƙa fiye da mita 3,600, aka karanta tarihin yanayi na shekara 420,000. Turawan Turai sun kai shekara 800,000 a wani wuri da ake kira Dome C, sannan a Janairun 2025 suka sanar da cewa sun zaro ƙanƙara mai shekara miliyan 1.2. Daga waɗannan kumfa aka gane cewa a tsawon shekara 800,000 iskar kabon, mai riƙe zafin rana, ba ta taɓa haura kashi 300 cikin miliyan ba, alhali yanzu ta wuce 420. Saboda haka abin da Jack ya koma ɗaukowa littafi ne da babu kwafinsa a ko'ina.

Tsagewar dandamalin ma ba ƙirƙira ba ce. Wurin da fim ɗin ya ambata, Larsen B, ya farfashe da gaske a farkon 2002. Cikin 'yan makonni ƙanƙara mai faɗin murabba'in kilomita 3,250 ta wargaje ta bi teku, wato fiye da ninki uku na dajin Falgore baki ɗayansa.

Daga nan Jack ya tafi taro a birnin Delhi, ya gargaɗi shugabanni cewa narkewar ƙanƙara na iya tsayar da wani babban kogi da ke gudana a cikin Tekun Atlantika, mai kai ɗumi zuwa arewacin duniya. Mataimakin shugaban Amurka ya yi masa kallon mai neman suna, ya ce tattalin arziki ya fi muhimmanci. Wannan fitowar ma ta yi kyau, don duk mai ilimin da ya taɓa kai wa mai mulki takarda ya san irin wannan kallo. Haka nan ina yaba rawar da Ian Holm ya taka a matsayin Farfesa Rapson, dattijon da ke zaune a wata 'yar tasha a Sikotlan yana lura da na'urorin auna zafin teku. Ba ya ihu, ba ya gudu, lambobi kawai yake karantawa, amma a fuskarsa za ka ga tashin hankalin da duk guguwar fim ɗin ba ta ba ka ba.

To, daga nan ne fa darakta ya saki layi. Abin da masana ke cewa zai ɗauki gomman shekaru ko ɗaruruwa, sai ya cusa shi cikin 'yan kwanaki. Guguwa ta ragargaza Los Anjalis, teku ta shanye Niyok, sanyi na bin mutane a guje cikin lungu kamar kare ya biyo ɓarawo, su rufe ƙofa ya tsaya a waje! Sai kuma aka mayar da masanin namu ɗan dambe da dusar ƙanƙara, yana tafiya a ƙafa daga wajen Filadelfiya zuwa Niyok don ceto ɗansa Sam, wanda ya fake a ɗakin karatu suna ƙona littattafai suna jin ɗumi. Har da kyarketai aka sako a cikin jirgin ruwa, don dai kada ɗan kallo ya yi gyangyaɗi. Fim ɗin ya kawo kuɗi fiye da dala miliyan 500, amma rabinsa na biyu ya zubar da mutuncin da rabin farko ya tara.

INA AFIRKA A CIKIN TASWIRAR?

Babban laifin fim ɗin a wurina ba ma wannan ba ne. Ka lura, an nuna Tokyo, an nuna Delhi, an nuna Sikotlan, an nuna Amurkawa na tsallaka iyaka zuwa Meziko neman mafaka. Ƙasashen kudu an ɗauke su a matsayin tudun mun tsira, inda rana ke haskawa ba abin da ya same su. Alhali kuwa idan kogin nan na cikin teku ya tsaya, muna cikin waɗanda za su fara ɗanɗana kuɗarsu. Ga yadda abin yake.

Ruwan daminarmu daga Tekun Atlantika yake zuwa. Da bazara ƙasar Sahara kan yi zafi ƙwarai, sai ta jawo iska mai laima daga teku ta kudu maso yamma, ta ratso Legas, ta wuce Minna da Kaduna, ta iso Zariya da Kano har Maraɗi da Damagaram. Iyakar inda wannan iska ta kai, nan ne iyakar noma. Masana sun gano cewa layin ruwan nan yana karkata ne zuwa ɓangaren duniyar da ya fi ɗumi. Idan arewacin Atlantika ya yi sanyi, sai layin ya ja da baya zuwa kudu, mu da ke bakin iyaka mu tashi a tutar babu. Shi kuwa kogin cikin tekun, abin da ke tafiyar da shi shi ne ruwan gishiri mai nauyi da ke nutsewa ƙasa a kusa da tsibirin Girinlan. Ƙanƙarar Girinlan ba ta da gishiri, kuma tana narkewa da fiye da tan biliyan 250 a kowace shekara, wato cikin dam ɗin Tiga fiye da sau 100. Tana tsarma ruwan, ya rage nauyi, ya rage nutsewa.

Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya faɗa a rahotonsa na 2021 cewa kogin zai rage ƙarfi a wannan ƙarni. Ba su sa ran ya tsaya cak kafin 2100, sai dai ba su rantse ba, kuma sun ce idan ya tsaya daminar Afirka za ta raunana. A 2017 wasu masana, akasarinsu na Faransa, sun gwada lissafin abin da narkewar Girinlan cikin gaggawa za ta yi wa yankin Sahel, suka ga gonakin gero da dawa masu ɗimbin yawa za su daina nomuwa, miliyoyin mutane su yi ƙaura.

Kada ka ce wannan hasashe ne na masu farin gashi. Mun ga samfurinsa. Kakanninmu sun ba da labarin yunwar Kakalaba ta 1914 da 'Yar Gusau ta wajejen 1942. Iyayenmu kuwa da idonsu suka ga farin 1973 da na 1984, lokacin da ruwan Sahel ya ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari in an gwada da shekarun 1950, Tafkin Cadi kuma ya tsuke daga murabba'in kilomita 25,000 a 1963 zuwa ƙasa da 2,000. Wa aka ɗora wa laifi? Mu. A 1975 wani babban masani ɗan Amurka, Jule Charney, ya kawo bayanin cewa idan dabbobi suka cinye ciyawa ƙasa ta yi fari fat, sai ta kore ruwan sama. Duniya ta karɓe, aka yi ta zagin makiyayi da manomi shekara da shekaru. Sai daga baya binciken Chris Folland a 1986 da na Alessandra Giannini a 2003 suka nuna cewa asalin matsalar daga zafin tekuna take. Wasu binciken kuma suka ƙara da cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka, mai ɗauke da farar wuta, ya tare hasken rana ya sanyaya arewacin Atlantika, ya taimaka wajen janye mana ruwa. Ka ji fa. An yi ɓarna a wani gari, an kama Bafulatani a ruga. Wanda ba shi da masu bincike nasa, haka ake yanke masa hukunci ba ya zauren.

MOHAN DA KOFIN RUWA

Swades ya fi kusa da zuciyarmu, ba don muna son Indiya kawai ba. Mohan Bhargava ma'aikaci ne a hukumar NASA ta Amurka, yana aikin haɗa tauraron ɗan'adam mai auna ruwan sama na duniya baki ɗaya. Aikin na gaske ne, ana kiransa GPM, kuma an harba ainihin tauraron daga Japan a Fabrairun 2014, shekara goma bayan fim ɗin. Mohan ya ɗauki hutu ya dawo Indiya neman Kaveri Amma, tsohuwar da ta yi renonsa, ya same ta a ƙauyen Charanpur tare da Gita, malamar makaranta.

Gowariker ya san abin da yake yi da ruwa a fim ɗin nan. Mohan ya shigo ƙauye da motarsa mai ɗaki da katan-katan na ruwan gora, ba ya shan na kowa. Sai ranar da yake dawowa daga wurin wani talakan manomi da aka aike shi karɓar kuɗin haya, jirgin ƙasa ya tsaya a wata 'yar tasha, ga yaro yana gudu da butar ruwa yana sayar da kofi a kan 'yan kwabbai. Mohan ya saya ya sha, idonsa ya ciko. Babu dogon jawabi, babu mari, babu "wayyo Allah na shiga uku". Ina ma daraktocinmu za su kalli wannan fitowa sau goma, su ga yadda ake sa kyamara ta yi magana a bar baki ya huta. Haka kuma daren da wuta ta ɗauke ana tsakiyar majigi, ya tara yara yana nuna musu taurari. Ga waƙa nan ta A.R. Rahman, ga rawa, amma waƙar tana ɗauke da darasi, labarin kuma bai tsaya jiranta ba. Masu cewa ba a haɗa ilimi da rawa da waƙa, ga amsarku.

Sai dai Swades ma yana da nasa raunin. Na farko, ya haura awa uku, kuma akwai wuraren da Mohan ke wa'azi kamar ɗan takara. Na biyu, wanda ya fi damuna: mutumin da sana'arsa auna ruwan sama ce ya zauna cikin manoma makonni, bai taɓa tambayarsu yaushe ruwa ke sauka ba, bai kafa ko gwangwanin awo ɗaya ba. Abin da ya yi musu shi ne injin lantarki daga ruwan maɓuɓɓuga. Aiki ne mai kyau, amma na injiniya ne. Iliminsa na yanayi ya zama kamar babbar riga da aka rataye a Amurka. A ƙarshe sai fim ɗin ya nuna kamar dole mutum ya zaɓi ɗaya, ko bincike ko gida. Ni kuwa ina ganin ƙauyen ya fi NASA buƙatar wannan bincike.

Ka ga ke nan, Ba'amurke ya nuna mana aikin ya manta da mu, Ba'indiye ya tuna da ƙauye ya manta da aikin. Wanda ya ɗan matso kusa shi ne Marcher sur l'eau na 2021, fim ɗin gaskiya da Aïssa Maïga ta ɗauka a ƙauyen Tatiste na arewacin Nijar, kan wata yarinya 'yar shekara 14 da ke tafiya mai nisa neman ruwa. Amma shi ma wanda abin ya shafa ya nuna, bai nuna mai binciken dalili ba.

FALGORE BA MAƁOYAR 'YAN FASHI KAWAI BA CE

Yanzu mu dawo gida. Duk mai kallon finafinanmu ya san Tiga, ko da bai taɓa taka ƙasar Bebeji ba. Ya ga duwatsun, ya ga ruwan, ya ga jarumi da jaruma sun canza kaya kala biyar a bakin dam. Daji kuwa a fim ɗin Hausa aikinsa biyu ne: ko gidan boka, ko sansanin 'yan fashi. Ban ce babu dalili ba. Matafiya hanyar Kano zuwa Jos sun daɗe suna addu'a in sun doshi Falgore, ɓarayin shanu sun addabi yankin, har sojoji suka mayar da wani sashe na dajin filin atisaye a 2017. Amma wannan shafi ɗaya ne daga cikin littafin.

Falgore na da nisan kimanin kilomita 150 kudu da birnin Kano, faɗinsa wajen hekta 92,000, ya taɓa Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Tun shekarun 1940 aka keɓe shi da sunan gandun dajin Kogin Kano, daga baya a shekarun 1960 aka mayar da shi gandun namun daji. Sunan farkon nan shi ne sirrin. Kogin Kano ya gangaro daga tsaunukan da ke kudu, ya ratsa dajin ya zuba a Tiga, dam ɗin da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ana tsakiyar jin raɗaɗin fari. Daga Tiga ruwan ke bin magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ake noman shinkafa da tumatir da alkama. Daga kogin ne matatar Tamburawa ke ɗibar ruwan famfon birni. Ragowar ya haɗu da Kogin Challawa ya zama Kogin Haɗeja, ya ciyar da fadamun Nguru, ya nufi Tafkin Cadi. Yankin Doguwa da Riruwai shi ya fi ko'ina samun ruwan sama a Jihar Kano, yakan haura milimita 1,000 a shekara. A taƙaice dai, hadarin da ya haɗu a kan bishiyoyin doka na Falgore shi ne shayin da kake sha a Fagge da jalof ɗin da ake ci a gidan biki.

To wa ke auna wannan hadari? Wa ke lissafa abin da zai faru da Tiga idan damina ta rage mako biyu, ko kuma idan ruwan wata guda ya sauka a dare ɗaya? Mun ga ambaliyar 2022 da ta ci rayuka fiye da 600 a Nijeriya, Jigawa na cikin waɗanda suka fi shan wuya. Mun ga yadda dam ɗin Alau ya ɓalle a Satumban 2024 ya shanye Maiduguri. Ga masu gawayi na cin dajin ta gefe, kowa na gani a bakin titi. Idan wannan bai isa labarin fim ba, me ya isa?

Har ƙurar hunturu da ke hana jirage sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano labari ce. Mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa, busasshen gindin wani tsohon tafki. Wani masani, Grant McTainsh, ya auna saukarta a Kano a ƙarshen shekarun 1970, ya nuna tana cikin abin da ya gina ƙasar noman Kano. Wadda ta wuce mu kuma takan tsallaka teku har dajin Amazon ta zame masa taki. A wancan tsohon zamanin na ruwa ne aka sassaƙa kwalekwalen Dufuna, mai shekara kusan 8,000, wanda wani makiyayi ya tono a 1987 yana haƙa rijiya a ƙasar Yobe ta yanzu. Yanayin ƙasar nan ya taɓa juyawa, kuma tarihin juyawar yanayin duniya yana rubuce cikin ƙanƙarar da irin su Jack Hall ke haƙowa.

HANYAR TANA NAN, BA TATSUNIYA BA CE

Wani furodusa zai ce mini, "Malam, ai babu irin waɗannan mutane a cikinmu, wa zai yarda?" Akwai su. Farfesa Sani Abubakar Mashi ya shugabanci hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet, daga 2017 zuwa 2021, Farfesa Mansur Baƙo Matazu ya gaje shi har zuwa 2023, dukkansu 'yan Jihar Katsina. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET tun 1974, da cibiyar ACMAD mai yi wa Afirka duka hasashen yanayi. A 2006 masana daga ƙasashe da dama sun yi sansani a Yamai da jirage da na'urori don nazarin daminarmu. A Samaru ta Zariya an shafe gomman shekaru ana rubuta ruwan kowace rana.

Yaron da ke son bin hanyar yana buƙatar lissafi da fiziks da jogirafi tun daga sakandare. Daga nan sai digiri a Bayero ko Ahmadu Bello, ko jami'ar fasaha ta Minna, ko ta Akure wadda ke da sashen nazarin yanayi sukutum, inda kuma shirin WASCAL da Jamus ke tallafawa yake horar da masu digirin digirgir daga ƙasashen Afirka ta Yamma. A birnin Trieste na Italiya akwai cibiyar da Abdus Salam, ɗan Pakistan mai lambar Nobel, ya kafa a 1964, tana ɗaukar ɗalibai daga ƙasashe irin namu. Mai son taka ƙanƙarar da ƙafarsa kuwa, Afirka ta Kudu ce kaɗai ƙasar Afirka mai tasha a Antatika, sunanta SANAE IV, jirgin ruwa na tashi daga Keftawun ya kai ma'aikata su shekara a can. Indiya ma da muke kwaikwayon rawarta tana da tashoshi biyu, Maitri da Bharati. Wannan ɓangaren ne ba mu kwaikwaya ba.

Ba zan ɓoye maka ba, hanya ce mai tsawo, ta kai shekara goma ko fiye, ga yajin aiki irin na 2022 da ya ci wata takwas, ga ƙarancin kuɗin bincike, ga albashin da bai kai na ɗan canji ba. Mu da muka tsaya a difilomar foliteknik mun san abin da ke tsayar da mutum. Amma ai wahalar ita ce fim ɗin! Ka ɗauki yarinya 'yar malamin daji a Tudun Wada, wadda ke rubuta ranar da ruwa ya sauka a bayan littafinta na makaranta. Uba na son ta yi aikin asibiti, saurayi ya gaji da jira, 'yan gari na ce mata mai duba. Ta samu gurbin tafiya ƙasar da rana ba ta faɗuwa wata da watanni, tana lissafin yadda za ta yi salla da azumi, a nahiyar da aka taɓa auna sanyin digiri 89 ƙasa da sifiri a 1983. Sai kuma babbar tambaya: za ta dawo, ko za ta zauna inda ake biyanta da dala? Ga soyayya, ga rikicin gida, ga hawaye. Ba sai an je Antatika da kyamara ba, ɗaki ɗaya da farin kyalle da mai haɗa hoto a kwamfuta sun isa, sauran kuwa Falgore ta ba ka kyauta.

Batun "mai duba" ɗin nan ma a warware shi a cikin fim. Hasashen yanayi awo ne da lissafi, kamar yadda manomi ke ganin gabas ta yi baƙi ya kwashe shanya. Malamanmu na zaure sun daɗe suna ƙidaya taurarin damina, su Haƙa'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabaha, kowanne da kwanakinsa, manoma na tambayarsu lokacin shuka. Hausawa ma sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A haɗa dattijo mai lissafin taurari da jikarsa mai na'ura a fitowa ɗaya, a bar su su yi gardama, ka ga ko 'yan kallo za su tashi.

Marubuta littattafai, ku ma ban ƙyale ku ba, don ku kuka fi kowa sauƙi, ba ku biyan kuɗin lokeshin. Kuma kuna da gado. Abubakar Imam da Rupert East sun rubuta Ikon Allah don bayyana halittu da Hausa tun kafin a ba mu mulkin kai. Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, ya ɗauki yaro Bahaushe ya kai shi sararin samaniya. Yau fiye da shekara hamsin, mun ci gaba ne ko mun koma ɗakin amarya mun kulle ƙofa?

Yara da yawa sun fara sha'awar zama likita ko lauya ne saboda sun gani a allo, kowa ya san haka. Ramin da ya ɓule a rufin iskar da ke kare mu daga zafin hasken rana, mutum uku ne 'yan Ingila suka bayyana shi a 1985, daga awon da aka yi ta yi a tashar Halley ta Antatika tun shekarun 1950 ba tare da wani ya tafa wa kowa ba, kuma cikin shekara biyu duniya ta sa hannu kan yarjejeniyar Montreal. Irin wannan haƙuri muke buƙata a kan Falgore da Tiga, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Hukuncina dai: The Day After Tomorrow a kalli rabin farko da natsuwa, rabin ƙarshe da gyaɗa a hannu, Swades a kalla duka, a ɗauki darasin kyamara. Furodusan da ya fara yi mana namu kuwa, shafin nan nasa ne, ko ya yi kyau ko bai yi ba za mu zauna mu auna shi da adalci.

Mai ra'ayi ko ƙorafi ya rubuto ta hannun edita. Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai wata mai zuwa, in muna da rabon ganawa.